Manhajar da Ta Aiki Bappa

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce me na ci, wancan ya ce da gaske ne zafin ranar can yana dafa ƙwai, wani kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai me ya kai mai gyaran kwamfuta garin albasa. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk sanda na maimaita sai wani abu ya ƙaru wanda bai faru ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kafin a wayi gari in ce na yi kokawa da kura a Kajiji.

Rabi'atu ce ta kira ni, wadda muka yi karatu aji ɗaya da ita shekarun baya. Mahaifinta da ƙanensa suka kafa wani ɗan kamfani da ke sayen albasa da hatsi a hannun manoma, ya adana, ya yi lodi zuwa kudu. Da mahaifin ya rasu sai ita ta riƙe ofis a Boɗinga, ƙanen nasa kuma, Bappa Ummaru, yana riƙe da rumbuna da manoma a ɓangaren Shagari. Ganin aiki yana cakuɗewa, mota ta je ba kaya, kaya su taru ba mota, sai ta saka musu manhajar aikin haɗin gwiwa, irin wadda ke haɗa ma'aikata a kalanda ɗaya, saƙo wuri ɗaya, kowa ya ga aikin da ke kansa. Ba a jima ba Bappa ya kashe wayarsa, ya aiko direba ya ce in an gama kwashe albasar bana a raba kamfani, kowa ya kama gabansa.

"Habibu, wayatai ta ba ta ɗaukar abin," in ji ta. "Ya ga an bar shi baya, yay yi hushi. Ka zaɓo muna wadda ka aiki bisa kowace waya da kowace kwamfuta, tun ba mu rabu ba."

Na ce mata ina tafe. Gaskiya ban da tausayi har da son gani, don ban taɓa wuce Gusau ba.

Na ɗauki manhaja uku da zan gwada, na raɗa musu suna don kada su rikice mini. Akwai Gimbiya, kyakkyawa, komai nata a tsare, amma ga cin data kamar gara. Akwai Ɗan Sanda, wadda Rabi'atu ta riga ta saka musu, ba ta mantuwa kuma ba ta bari a manta. Sai Jaka, wato macen jaki, mummuna, mai tafiyar hawainiya, wadda na saka cikin jerin don kawai su cika uku.

A mota Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai fataucin fatu, ya zauna kusa da ni. Mun fara hira lafiya lau, sai da muka yi nisa na ga Hausarsa tana sauyawa, kamar da a aljihu ya ajiye ta sai da ya ji ƙamshin gida ya fito da ita. Na tambaye shi wani abu ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita, ya yi dariya ya ce mu Kanawa muna magana kamar ana bin mu da sanda. A wani shingen hanya aka ce kowa ya buɗe jaka. Jami'in ya ga kwamfuta da wayoyi uku iri daban-daban, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in sauko. Ina ta bayanin cewa gwaji zan yi, shi kuwa kalmar gwajin ce ma ta ƙara masa zargi. Sai dattijon ya leƙo ta taga.

"Ranka shi daɗe, ɗana na. Ba shi da wayon da zai cuci kowa, dibi kanai."

Aka sake ni. Na yi masa godiya, ko da yake har yanzu ban gama yanke hukunci ba ko ceto na ya yi ko zagi.

Daga Sakkwato na shiga ƙaramar mota zuwa Boɗinga. Ofishin ɗaki biyu ne a bakin titi, da tsohuwar kwamfuta a kan tebur mai gurnani kamar injin markaɗe, da sabuwa ta hannu wadda Rabi'atu ke yawo da ita, da wayarta mai tsada wadda ba ta shiri da kowace caja sai tata. Wakilansu na ƙauyuka kuwa kowa da irin tasa, daga mai fasasshen gilashi sai wadda aka ɗaure da roba. Nan na fahimci aikin da ke gabana. A shagona in na ce manhaja tana aiki ko'ina, ina nufin kwamfutoci biyun da ke gabana ne.

Masauki aka ba ni a gidan wani malamin allo, aminin marigayi mahaifinta. Ɗakin baƙi ne kusa da zaure, da tabarma da buta da randa mai sanyi. Aka kawo mini hoce, wani abu na garin dawa da ake gasawa, da ƙuli da mai. Na gutsura na ji ya tsaya mini a wuya, na ƙi nunawa. Malam yana kallona ya ce a kawo wa baƙo hura. Na ce a'a, ba na jin sanyi, a bar wutar. Ashe fura yake nufi. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gaisuwa. Mu a Kano muna gaisawa, kada wani ya ce ba ma yi, sai dai muna yi ƙafa ɗaya na kan babur. A can mutum zai durƙusa ya tambayi kwana, da gajiya, da gida, da iyali, da zafi, da hidima, ya koma kan gajiya, sannan can a ƙarshe, kamar abin bai dame shi ba, ya ce af, dama akuyarka ce ta shiga gonata. Na fara lissafin yawan aikin da za a yi da wannan lokacin, irin lissafin da ya sa dattijon fatu ya ce a dubi kaina.

Washegari muka fara gwaji a ofis. Gimbiya ta buɗe a sabuwar kwamfuta kamar amarya, Rabi'atu ta ce ita take so. Muka je kan tsohuwar, ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, har aka kira azahar. Ɗan Sanda ta buɗe ko'ina. Jaka ma ta buɗe, a hankali, ba ta ko nemi a sauke ta ba, ta shafin intanet kawai ta shigo. Na duba sauran abubuwan da ake dubawa: wa zai ga me, ina bayanan kamfani za su zauna, in an fasa amfani da ita za a iya kwashe su ko sun zama nata. Duk na rubuta, ina jin kaina.

Daga nan Sahabi direba ya kai ni Dingyaɗi, wurin wakilinsu Malam Buba, mutum mai fara'a da ke auna hatsi a wata rumfa. Wayarsa cike take da karatu da wa'azi, ba wurin da allura za ta shiga. Da na ce sai an goge wani abu kafin Gimbiya ta samu wuri, ya karɓe wayarsa da hannu biyu ya ce ita Gimbiyar ta koma gidan ubanta. Na tambaye shi labarin Bappa Ummaru, ko ya san abin da ya fusata shi.

"Alhaji ya daɗe bai zaka ba," ya ce.

Na ce a raina, to fa, ga inda matsalar take, mutum yana da rumbuna cike da hatsi ba ya fitar da zakka, ina albarka za ta zauna? A mota na kasa haƙuri na yi wa Sahabi zancen cikin raɗa. Sai da ya taka burki don dariya. Wai zaka a bakinsu zuwa ne, mutumin cewa ya yi Alhaji ya daɗe bai zo ba. Na roƙe shi don Allah kada labarin ya isa kunnen Bappa. Ya ce ba zai faɗa ba, amma yadda yake share hawaye na san ya riga ya faɗa a zuciyarsa.

Kun tambaye ni ko na tsallaka iyaka. Na tsallaka, sai dai ba mai shinge ba. Mun kwana a Shagari, inda na ci kifi da tuwon da ya mantar da ni hoce, da safe aka ce Bappa yana can wajen rumbuna bayan Kajiji, kuma mota ba ta shiga. Muka hau babura biyu, ni da Sahabi. Hanyar yashi ce da kwazazzabai, mai babur ɗina yana gudu yana gaisawa da kowa, har da waɗanda ke can tsakiyar gona. Ina riƙe da waya ina kallon sandunan sabis suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. A daidai wata tsamiya na ƙarshen ya tafi.

"Nan na iyaka," in ji mai babur, bai ko waiwayo ba. "Daga nan sai dai ka aika mutum."

Ya nuna mini wani tudu can gefe, ya ce wanda ke da uzuri nan yake hawa, ya ɗaga hannu sama, ya fuskanci gabas. Na sa ya tsaya na gwada. Gimbiya ta ce ba ta san ni ba. Ɗan Sanda ta nuna abin da ta riga ta sani amma ta ƙi karɓar sabo. Jaka kuwa ta karɓi duk abin da na rubuta, ta ɗaure a bayanta, ta ce in an samu sabis za ta kai. Na fara jin kunyar sunan da na sa mata.

Mun tarar da Bappa Ummaru a inuwar rumfa, ana zuba albasa a rumbunan kara. Dogo ne siriri, da farin gemu, ido kamar yana auna ka. Na durƙusa na yi gaisuwar da na koya a gidan Malam, har na koma kan gajiya sau biyu. Ya ce a kawo hura, wannan karon ban ce komai game da wuta ba. Sai da na sha na ƙoshi sannan na kawo zancen, na ce an ce wayarsa ba ta ɗaukar manhajar ofis, na zo in duba.

Ya dubi Sahabi, ya dube ni. Ya tashi ya shiga wani ɗaki, ya tura hannu cikin buhun gero har gwiwar hannu, ya zaro waya ya miƙo mini. Na hure ƙura na kunna. Wallahi ta fi duk wayoyin da na zo da su. Sabuwa ce fil, kuma Ɗan Sanda na zaune a cikinta daram.

"Lahiyatta lau," ya ce. "Ni nis saka ta nan, ta yi ma gero tsawa."

Na ce Bappa, to me ya faru? Ya ce Sahabi ya faɗa, tunda shi ne tafinta. Sahabi ya sunkuyar da kai. Ashe ranar da aka fara aiki da manhajar, Bappa yana Shagari zaune cikin manoma, wayar ta yi ƙara. Rubutun Turanci ne, Bappa kuwa karatunsa na allo ne da littattafai, sai ya miƙa wa Sahabi ya ce karanta muna. Sahabi ya duba, ya fassara iyakar gaskiyarsa, da ƙarfi, a gaban kowa: Rabi'atu ta aike ka ka auna buhunan ƙauyen Mandera. Bayan kwana biyu ta sake ƙara, rubutun ya koma ja. Aka sake miƙa wa Sahabi. Ya ce, ta ce ka makara.

"Ni," in ji Bappa, yana nuna ƙirjinsa. "Ni niy yanka ragon sunanta. Bisa wuyana tay yi wayo. Yau ita ta ka aike na, ba sallama, ba ina kwana, gaban mutane? Ɗiya ta aiki ubanta? Ko garinku haka a kai?"

Na ce ko a garinmu ba a yi. Kuma gaskiya na faɗa. Yaro ba ya aiken babba, sai dai ya roƙe shi, ko ya ce ko za a taimaka. Na shekara nawa ina danna wannan maɓallin na raba aiki, ban taɓa jin abin da yake cewa ba sai da aka faɗe shi da Hausa. Na shiga yi masa bayani cewa ba ita ta rubuta ba, na'urar ce take jera maganar haka ga kowa, babba da yaro. Ya saurare ni har na gama.

"Na ji. Ƙarhe ba shi da kunya, ban riƙe shi ba." Ya juya wata albasa a hannu. "Amma da, kullum da sahe tana kira na. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙahwata, ta tambayi Inna, can ta ce Bappa ko an samu auna na Mandera. Murya tai kama da ta ubanta in tana dariya. Tun da abin ga yaz zaka, ban ƙara jin ta ba."

Na zo da jerin tambayoyi a kan waya da kwamfuta da sabis, babu wannan a ciki. Na ɗauki wayar Bappa, na ce a kai ni tudun nan.

Na hau, na ɗaga hannu, na fuskanci gabas kamar yadda aka koya mini, na kira Rabi'atu na faɗa mata komai.

"Ni na aiki Bappa?" ta ce a hankali. "Innalillahi. Ni cewa niy yi na hutar da shi da yawan kira."

Na ce mata ga shawarata, kuma ba wadda na zo da ita daga Kano ba ce. Jaka za mu ɗauka. Tana shiga kowace na'ura, tana jiran sabis ba ta fushi, ana iya sauya kalmominta zuwa Hausa yadda aka ga dama, ana iya kashe jan rubutun ga wanda aka so, kuma tana ɗaukar murya. Ta ce mummunar nan? Na ce ita. A kan tudun na zauna, rana na dukana, na buɗe Jaka a wayar Bappa, na sauya inda aka ce an ba ka aiki ya koma ana neman alfarma. Rabi'atu kuma ta yi saƙon murya ta turo masa. Ban saurara ba, na dai ga tsawonsa, na san an gaisa yadda ya kamata.

Na sauko na miƙa wa Bappa. Ya kanga a kunne, ya juya mana baya. Ma'aikata suka ci gaba da zuba albasa kamar ba su gani ba. Da ya ƙare ya ce in sake kunna masa. Bayan na biyun ya share fuska da bakin rawani, ya ce zafin bana ya yi yawa. Sannan ya dube ni.

"Kai Bakano. Abin ga, ta nan ɗai shika tahiya, ko ni ma ina iya aike?"

Na ce ƙwarai yana iyawa. Na nuna masa inda zai danna, da hoton Rabi'atu, da inda zai yi magana. Ya ce kuma ita kada in kashe mata jan rubutun, a bar shi. Ya gyara murya kamar mai shirin huɗuba, ya yi maganarsa gajeriya. Ya tambaye ni wani ɗan zagaye da ya gani a gefe, na ce wannan na maimaitawa ne, in an danna aikin zai riƙa dawowa duk mako. Ya danna da kansa, da babban yatsa, sai da gilashin ya yi ƙara. Da za mu tafi ya sa aka ɗaura mini buhun albasa a bayan babur, ya ce in kai gida, kuma in shaida wa mutanen Kano cewa yana fitar da zakka. Na dubi Sahabi, ya ɗauke kai yana kallon sama.

Saƙon yana cikin wayar Bappa, wayar kuma sai an kai ta inda sabis yake. Shi da kansa ya hau bayan babur ya raka mu har tsamiya, ya tsaya ya ɗaga hannu sama. Ina ofis a Boɗinga da yamma, ina nuna wa Rabi'atu yadda za ta saka sauran wakilai, sai na ce ta duba akwai abin da ke jiran ta. A tsohuwar kwamfutar ta buɗe, mai gurnanin nan. Muryar Bappa ta cika ɗakin.

"Rabi, Bappanki na. Na aike ki. Ran Juma'a ki zaka gida ki ci tuwo. In kin makara shi yi ja."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na shiga duba wata waya da ba abin da ya same ta. Ba ta jira Juma'a ba, washegari da na tashi kama hanyar Kano ita ta kama ta Shagari. Zancen raba kamfani ban ƙara jin sa ba, albasar bana ma tare suka yi lodinta.

Ku da kuke tambaya wace manhaja ce ta fi, ban sani ba, na dai san wadda ta yi musu. Har yanzu ina da izinin leƙawa in gyara musu abin da ya lalace, kuma ba na ɓoye muku, nakan leƙa ko ba abin da ya lalace. Ayyuka suna shigowa suna fita, na Dingyaɗi, na Mandera, na Kajiji. Guda ɗaya ne ba ya fita, duk Juma'a yana nan a saman kalanda da sunan Bappa. Har yau bai taɓa yin ja ba.